Lagireton Malam Tukur

Akwai wani tela a layinmu a Funtuwa, Malam Tukur, mai wata tsohuwar mota da ta girmi duk 'ya'yansa. Lagiretonta ya daɗe yana yoyo, duk inda ta kwana sai ka tarar da ƙasa a jiƙe, amma ko da wasa kada ka ce masa ya kai ta gareji. A ganinsa bakanike ɓata mota kawai ya iya. Shi dai duk abin da direbobin tasha suka ce yana toshe yoyo, sai ya buɗe murfi ya antaya. Ran nan surukinsa Alhaji Ilu zai je Malumfashi ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, shi ne ma waliyyi. Tsoho ya shirya shiga motar haya, Tukur ya rantse ba za a yi wannan abin kunya yana da mota ba. Ko kumallo bai bar shi ya karya ba, wai ai waina na can tana jiransu. Sun gota Bakori kaɗan salansa ta fara aman farin hayaƙi, mota ta ɗau zafi, ta yi tari ta mace. Da ƙyar aka tura ta zuwa wani gareji a bakin titi.

Bakanike ya bari ta huce, ya buɗe lagireto, ya zura yatsa ya lakato wani abu mai kauri kamar kunu, maiƙo na naso a kai. Yana kai shi hanci ya ɓarke da atishawa.

"Malam, tsakaninka da Allah, me da me ka zuba a nan?"

Tukur ya saci kallon surukinsa, wanda ke zaune kan benci cikin babbar riga. Ya rage murya.

"Garin kwaki ne, ɗan kaɗan. Sai ɗanyen ƙwai. Da yoyon ya ƙi tsayawa na ƙara dakakken barkono."

"To, magana ta wuce yoyo. Gaskit ɗin da ke raba mai da ruwa a inji ya ƙone, baƙin mai ya haɗe da ruwa. Sai an sauke kan inji, yau kam ba inda za ta."

Ana cikin haka wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce, "Har an ɗaura? To, Allah ya sanya alheri," ya mayar da ita aljihu. Gumi ya keto wa Tukur, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya riƙo hannun bakanike.

"Haba maigida, duba dai. Babu wani ɗan abin da za a ƙara zubawa ta lallaɓa ta kai mu?"

Kafin bakanike ya buɗe baki, tsoho ya gyara zama.

"Akwai mana. Gari ya jiƙa, ya ji mai, ga yaji ga ƙwai. Barbaɗa gishiri ka miƙo min cokali."