Yadda Aka Haifi Jalanci a Gwallaga

Jiya a layin mai na Wunti, saura mota uku a zo kaina, wani mai keke ya raɗa mini cewa gidan man gaba ya buɗe, babu kowa. Na fice a guje. Awaki na tarar kwance a gindin famfon. Da na dawo, ga gogan a gurbina yana ɗago mini hannu. Garin neman ƙiba na samo rama. Maƙwabcina Godfrey har da riƙe ciki: "Malam, an yi maka jalanci!"

Wallahi ban ji haushi ba, don kalmar tamu ce, a gabana aka haife ta. Jalanci shi ne ka sa mutum ya yi maka abin da kake so da ƙafarsa, yana ganin shi ne mai wayo.

Jalo tela ne a layinmu na Gwallaga. Shekara biyu burtsatsenmu a mace, matarsa Bintu na jigilar jarka da tsohon ciki. Sau bakwai muna kai kuka ofishin hukuma, kullum Ranka-ya-daɗe ya shiga mitin. Jalo ya lura ba a gyara komai a garin nan sai babban baƙo zai wuce. Sai ya ɗinka ƙaton ƙyalle, ya rubuta "Barka da Zuwa Mai Girma, Ranar Alhamis", ya rataya a bakin layi. Bai sa suna ba.

Jama'a, ku zo ku ga aiki! Kowane oga ya ɗauka shi kaɗai ne ba a gaya wa ba, kuma wa zai tambaya ya tona wa kansa asiri? Kafin Laraba an cike ramuka, an shafe duwatsu da farin fenti, har dalbejiyar masallaci ta samu rabonta. Famfo ya kawo, Bintu ta rangaɗa guɗa. Ranar Alhamis manya suka jeru a rana cikin manyan riguna har la'asar.

Ɗaya ya matso yana sharce gumi. "Kai tela, wai wane ne zai zo?"

Jalo ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ai ya iso. Ga shi can yana zuba a bokitin Bintu."

Suka naɗe tabarmar kunya da hauka, suka tafi da jiniya. Allah ya saka wa manyanmu, jarumai ne wajen aiki idan tsoro ya kama su.

Makon jiya famfon ya sake tsayawa, na kuma ga Jalo yana auna yadi. Kada ku ce na tona shi. Manyan ai ba sa karanta shafin jaridar da babu hotonsu.