Ɗakin da Ba Ya Cikin Taswira

A wani daji, a gindin wata tsohuwar tsamiya, ranar wata Laraba, majalisar garin masu haƙa ta yanke cewa duk ɗakin da ba ya cikin taswira za a cike shi da ƙasa. Baba Nomau, tsohon gafiya, ya ji labarin yana ɓarar gyaɗa a bakin raminsa. Sai da ya gama ɓarar tukuna.

Shekara arba'in garin ya yi ba taswira. Kurege, gafiya, ɓera da bushiya, kowa ya haƙa inda ƙasa ta yi masa laushi, har baƙon da ya shigo neman kawunsa yakan ɓulla a rumbun wani. Ana nan sai ga Malama Tasalla, wata hawainiya daga ƙetaren rafi, ɗauke da faifai cike da yashi. Tsarinta ba wuya: tsakuwa ɗaya ɗaki ɗaya, tsinke ɗaya hanya ɗaya, babbar ƙofa a can sama, kome ya sauko daga gare ta kamar itacen da aka kifa. Kuma kowa yana iya sa hannu a lokaci guda.

Wannan na ƙarshen shi ya tafi da hankalin jama'a. Waɗanda suka saba shafe kwana uku kafin su matsar da bango taki ɗaya, yanzu da ɗan yatsa suke ɗauke rumbu guda daga gabas su dire shi a yamma. Aka yi ta dariya, mata na guɗa. Wata bushiya ta tura ɗakin surukarta har bakin faifai, ta koma gida ta tarar da tsohuwar inda ta bar ta, amma ta ce duk da haka ta ji sanyi a ranta.

Don kada a manta da kowa, Malama Tasalla ta saki tururuwa daga babbar ƙofa, suka bi kowace hanya, suka dawo suka faɗi abin da suka gani. Tururuwa ba sa ƙarya, sai dai ba sa zuwa inda hanya ba ta kai su ba. Ɗakin Baba Nomau kuwa bai haɗu da na kowa ba. Ƙofarsa daban take, a bayan saiwar tsamiya. Shi da marigayiya Kuluwa suka haƙa shi shekarar aurensu, don ta ce tana son inda iska ke shiga, maƙwabta ba sa shiga. Da hannunta ta shafe bangon. Ba shi da wani wurin, ba ya kuma son wani.

Washegarin Larabar nan Baba Nomau ya tsara maganarsa, gajeriya, ya tafi zauren majalisa ya ɗaga hannu. Magatakarda ya yi masa bayani cikin ladabi cewa yanzu da taswira ake kiran masu magana, daga sama zuwa ƙasa, kuma an duba ba a ga tsakuwarsa ba. Shugaban majalisa, wani kurege mai ƙiba da ake kira Barmo, ya gyara zama.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Duk garin nan ba wanda ya kai ka daraja, kuma da a ce kana nan, da kai za mu fara saurara. Amma duba faifan da idonka. Majalisa ba za ta ba mazaunin ɗakin da ba ta gani ba damar magana, in ba haka ba gobe kowa sai ya taso ya ce yana zaune a wani wuri. Ka koma gida ka huta. Za mu kafa kwamiti ya bincika ko kana da gida."

"Ranka ya daɗe, wane gidan zan koma?"

Barmo ya ce ai wannan ita ce tambayar farko da za a miƙa wa kwamitin, ya kuma sa aka yi wa Baba godiya.

Bayan kwana bakwai Shekarau, ɓeran da ke shugabantar masu cike ramuka, ya iso bayan tsamiya da ma'aikatansa da kwandunan ƙasa. Baba Nomau ya tsaya a bakin ƙofa. To doka ta ce kada a cike kowane ɗaki sai an nuna shi a faifai, don gudun kuskure. Aka ɗauko faifan, Shekarau ya ce Malama ta nuna masa. Ta juya ido ɗaya gabas, ɗaya yamma, ta ce babu. Ya ce to a sa tsakuwa mana. Magatakarda ya ce da zarar an sa, ɗaki ya shiga taswira, abin da ke taswira kuwa ba a cike shi. Aka sa, aka cire, aka sake sawa. Rana ta take, yashin faifai ya yi zafi.

"Ku shigo daga ciki, 'ya'yana," in ji Baba Nomau. "Ko ba ya nan, akwai inuwa."

Suka shiga. Suka ci gyaɗa, suka sha iska, Shekarau ya kishingiɗa a kan kwandonsa ya yi barcin da ya ce rabonsa da irinsa tun yana goye.

Kafin mako ya zagayo, gari ya gane wani abu: 'yan aiken majalisa da taswira suke yawo, don haka ba kiran taron da ke isa ɗakin Baba. Aka fara zuwa ɗaya-ɗaya, daga baya ƙungiya-ƙungiya. Aka haƙa gurbin dara a ƙasa, mata suka kawo tafasa, aka yi suna biyu da baiko ɗaya a wurin. Malama Tasalla takan zo ta rikiɗa ta koma launin bango, don kada a ce an gan ta. Wata rana da hantsi Barmo da kansa ya kutso, da ƙyar ƙofar ta ɗauke shi, ya zauna kusa da mai gida ya ce a hankali, "Baba, ni ma ba na nan."

Kwamitin ya yi zama goma sha biyu, dukkansu a ɗakin, saboda ya fi ko'ina sanyi. Ya ba da rahoton cewa bai sami wata shaida da ke nuna akwai shi ba. Majalisa ta karɓa da tafi, aka rufe maganar, ɗaki ya tsira.

Baba Nomau ya yi damina tara bayan haka, kullum gidansa cike, har yakan yi ƙorafin hayaniya yana ƙara zuba gyaɗa. Duk zaman majalisa kuwa sai ya je ya ɗaga hannu, kuma har ya bar duniya kira bai iso kansa ba. Maganar da ya tsara ba ta da tsawo:

"Ranka ya daɗe, tsakanin ɗakina da zauren nan ƙasa taki ɗaya ce. Da ɗayanku ya ajiye tsinke ya jingina da bango, da tuni mun gaisa."