Rasuwar Injin Tace Ruwan Kifin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma bayan da ya ƙage saboda ɗaukar bokiti, ni Najla Shu'aibu, a madadin iyalan Alhaji Shu'aibu Wudil na Nassarawa GRA, Kano, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injin tace ruwan tankin kifinmu. Ya cika da hantsin ranar Alhamis, a kusurwar falon Baba inda ya yi dukan rayuwarsa. Bai cika wata uku a hannunmu ba.

Marigayin baƙi ne, ɗan ƙarami, bai wuce tafin hannu ba, yana manne a jikin gilashi da ƙafafun roba. Asalinsa ba mu sani ba, domin babu wanda ya iya karanta rubutun kwalinsa. Daga wani shago a Sabon Gari na ɗauko shi, tare da tankin gilashi da buhun tsakuwa.

Ga waɗanda suka daɗe ba su leƙo mu ba, ya kamata in bayyana dalilin zuwansa. Shekara biyu ke nan mahaifinmu yana fama da ciwon mantuwa. Da la'asar ta yi sai ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa, ya ce gida za shi, alhali yana cikin gidan da ya gina da guminsa. Ni da Kande, mai yi mana girki, mukan yi ta lallashi har a kira magariba. Likitarsa ce ta ba da shawarar a samo masa abin da zai zauna ya kalla. Na tuna a bakin kogi aka haife shi, sai na ce kifi.

Mai shagon ya ja mini kunne kada in yi gaggawar zuba kifi. Ya ce ruwan sabon tanki ɗanye ne: kashin kifi kan rikiɗe ya zama guba, kuma babu mai cinye gubar sai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke zama a cikin soson injin su hayayyafa. Kafin su yi yawa sai an yi makonni. Abin da ake so, kullum a barbaɗa ɗan abinci a tankin da babu kowa ciki don ya ruɓe ya ciyar da halittun, a bar inji yana aiki ba tsayawa, a riƙa ɗiban ruwan a 'yar kwalba ana ɗiga masa maganin gwaji. In ya yi kore, akwai guba. In ya yi rawaya, a kawo kifi.

A nan halin marigayin ya bayyana. Mai haƙuri ne, mai riƙon amana, ba ya neman a yaba masa. Ya yi makonni yana tace ruwan da babu kifi ko ɗaya, bai taɓa tambayar amfanin hakan ba, ko da yake duk baƙon da ya shigo falon sai ya tambaya. In an ɗauke wuta yakan yi shiru cikin ladabi, da na mayar da shi kan batirin inbata sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Maganarsa ɗaya ce tak: ɓul-ɓul-ɓul. Ita ce kuma ta yi abin da ni da Kande muka kasa. Baba yakan ja kujera ya zauna gabansa, hula a kan gwiwa, har la'asar ta wuce bai tuna da ƙofa ba. A karon farko cikin shekara biyu na samu na yi wanka da yamma ba tare da kasa kunne ba.

Wata rana ya ga ina barbaɗa abinci, ya ce, “Baiwar Allah, wa kike ciyarwa?”

Na ce, “Waɗanda ba a gani ne, Baba.”

Ya gyaɗa kai. “To ƙara musu. Su ma masu rai ne.”

Ciwon ajalin marigayin ya samo asali ne daga wata ziyarar alheri. Yayana Taufiq ya zo daga Abuja hutun ƙarshen mako, ya tsaya gaban tankin ya riƙe ƙugu.

“Haba Najla, wata guda tsoho yana kallon ruwa zalla? Mutane su ce me?”

Na ce, “Yaya, ruwan bai nuna ba. Kwalbar kore take har yanzu.”

“Ke dai da son wahalar da abu. Kifi ai ruwa yake so.”

Kafin azahar ya dawo da leda cike da jajayen kifayen ado guda shida, irin masu wutsiya kamar mayafi. Ya juye su, ya ɗauki hoton Baba yana dariya, ya tura zauren danginmu na waya, aka yi ta sa masa albarka. Ranar Lahadi ya kama hanya.

Daga ranar aiki ya ninku a kan marigayin, da ni. Irin wannan kifin ci gare shi, ga ƙazanta. Kwalbar gwaji ta tashi daga kore mai haske zuwa launin miyar kuka. Kowace safiya kafin in tafi ofis sai na zuƙe rabin ruwan da tiyo, Kande ta kwashe bokitan zuwa gindin fulawa, in jido sabo in tsiyaya a hankali. Duk da haka kifi biyu suka tafi a makon farko, na uku ya bi su. Na kwashe su tun Baba bai fito ba, shi kuwa bai ƙirga ba.

Sai kuma karamcin Baba. Mutum ne da baƙo bai taɓa zama gabansa da yunwa ba, ciwo kuma bai taɓa wannan halin ba. Yakan ba kifin abinci, ya manta, ya sake ba su. Muka ɓoye gwangwanin, sai ya koma gutsura musu biredinsa. Ran nan Kande ta shigo da kwano ta tarar ya tsiyaya musu kunun gyaɗa.

“Alhaji! Ai ba sa shan kunu!”

Ya ce, “Ki gani, sun sha.”

Marigayin ne ya sha. Ya haɗiye biredi, ya haɗiye kunu, bai yi ƙorafi ba, sai dai muryarsa ta dishe, ɓul-ɓul ta koma ƙirrr-ƙirrr. Na yi jinyarsa iya iyawata. Na kwance shi, na matse sosonsa a cikin tsohon ruwan tankin don kada in kashe mazauna ciki, na sakace 'yar fankarsa da tsinke. Yakan farfaɗo kwana biyu, ya sake kwanciya. A cikin wannan halin ya kammala aikin da aka kawo shi yi: ranar Talata kwalbar ta yi rawaya. Na ɗaga ta saitin taga na daɗe ina kallo, sannan na kira Kande ta zo ta gani, don babu wani wanda zan nuna wa ya gane.

Ranar Alhamis aka dawo da wuta da ƙarfin da ya wuce kima. Ya yi tari sau ɗaya, ƙauri ya tashi, falo ya yi tsit. Mai gyaran da na kai wa ya jujjuya shi ya ce wurin da ya ƙone a liƙe yake, irinsa ba a buɗe shi, sai dai haƙuri.

Da la'asar ɗin ranar Baba ya zauna gaban tankin, kifaye uku suna yawo a gabansa, ya ce, “Kogin ya ƙafe.” Ya sa hularsa. Sai a bakin titi maigadinmu Sule ya tare shi.

Marigayin ya rasu ya bar kifaye uku masu hamma a saman ruwa. Soso guda, wanda ke jinya a cikin roba, da fatan mazaunansa za su kai lokacin da za a dasa shi a jikin magaji. Da tsoho guda. Da mata biyu da ba sa iya miƙe baya. Yaya Taufiq ya aiko da ta'aziyyarsa ta waya, ya ce kada in sayi ko wanne a Kano, zai turo babba na zamani daga Abuja. Na gode masa, gobe kuma zan shiga Sabon Gari.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a ƙofar gida, inda Sule zai miƙa gawar ga ɗan jari-bola na farko da ya gifta. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a yi girki ba. Za a karɓi gaisuwa a falon Baba daga la'asar zuwa magariba, har ranar da magaji zai kama aiki. Mai zuwa kada ya kawo kifi, kada ya kawo shawara. Akwai kofin roba a gefen tankin: mutum ya ɗebi ruwan, ya ɗaga hannu sama, ya tsiyaya shi a hankali yadda zai yi ƙara, don kifin su samu iska, Baba kuma ya zauna. Hannu kan gaji da wuri, saboda haka muna roƙon dangi su riƙa zuwa bibbiyu.