Kilo Talatin na Alhaji Sharfuddeen

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa baiwa a ƙasar Managil, a fara da Alhaji Sharfuddeen mai sayen gyaɗa, sannan a huta kafin a nemo na biyu. Sau biyu ya hau jirgin sama, zuwa da dawowa, kuma tun daga nan ya fi tsuntsu sanin sama. Mutanen ƙauyensu, Hillar Alhasan, suna kiransa Kaftin. Ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka rubuta masa a ƙofar shago.

Iliminsa na musamman shi ne yadda ake ratsa filin jirgi ba a kashe ko girish ba. Kullum bayan la'asar yakan zauna a rumfar shagonsa, ya gyara rawani, ya karantar da mutanen da ko Khartum ba su taɓa gani ba.

"Filin jirgi kasuwar wawaye ce, ya jama'a. Shayi kofi ɗaya kuɗin akuya. Ruwa, ruwan Allah, su zuba a kwalba su sayar maka. Mai hankali ya dafa ƙwansa tun gida, ya tafi da gora wofi, ya naɗe akwatinsa da buhun taki. Babban sirrin kuwa, ku riƙe wanga: ka auna kayanka kafin ka fita. Kilo talatin suka yarda. Ka ƙara ɗaya, su yanka ka. Ni dai ba a haifi wanda zai karɓi kuɗin nauyi a hannuna ba."

Wa ya fi shi cancantar maganar awo? Mizanin ƙarfen da ke ƙofar shagonsa shi ke auna gyaɗar ƙauyen nan duka, shekara goma sha tara, kuma shi ne abincin Alhaji da rawaninsa. A shekarar farko ya liƙa 'yar darma a ƙarƙashin dutsen awon, don kada manoma su yi girman kai. Tun daga nan kilo shida na manomi biyar ne a idon mizani. Ya rantse a kan gaskiyar ƙarfen nan har rantsuwar ta shige shi. Darmar kuwa ya manta da ita kamar haƙorin da ba ya ciwo.

A shekarar da ta gabaci yaƙin da ya ɓarke a ƙasar, saura makonni kaɗan a cire gyaɗa, Kaftin ya shirya umara. Ya ɗauki matarsa Ibtisam. Don a samu shaida daga waje, ya yarda Inna Mero ta bi su, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata gona a filin ban-ruwa. Shekaru ta yi tana kai masa gyaɗarta buhu-buhu kafin kuɗin kujera ɗaya a jirgi ya haɗu.

Ranar awo ya tara mutane. Akwati uku ya ɗora a mizani ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara busasshiyar kuɓewa, yana rage dabino, har kowane ya tsaya cif a talatin.

"Kun gani? Ko ƙwayar riɗi ba ta hau ba. Haƙƙinmu ne, za mu ci shi har ƙarshe."

A filin jirgin Khartum ya shige gaba, farar jallabiya na jan ƙasa, yana nuna wa Ibtisam da Inna Mero masu shan shayi da haɓa, yana girgiza kai don tausayi. Ya isa teburin awo, ya yi wa ma'aikaciyar sallama irin ta abokan sana'a, ya ɗora akwatinsa.

"Talatin da shida, ya Hajj," in ji ta.

Alhaji ya yi murmushin manya. Ya ce ta ɗora na Ibtisam. Talatin da shida. Na Inna Mero ma talatin da shida, kamar an haife su rana ɗaya.

Mutum mara ilimi da ya biya ya wuce bakinsa a rufe, ba wanda zai ƙara tunawa. Amma Kaftin ba mara ilimi ba ne. Ya juya ya fuskanci layi.

"Ɗiyata, ina awo tun ba a yaye ki ba. Da hannuna na auna kayan nan, a kan mizanina, gaban ƙauye guda. Talatin ne. Naku ne ke da ciwo. Wannan tsohuwa shaida ce, shekara goma sha tara tana kawo mini gyaɗa. Inna, faɗa mata."

Inna Mero ta matso gaban teburin. Tana kallon jajayen lambobin mizanin.

Ma'aikaciyar ta ce ma'alesh, ya yi haƙuri, ta sa aka kai akwatin teburi na biyu. Talatin da shida. Alhaji ya nemi na uku, aka ba shi, domin ba a hana dattijo abin da ya nace. Wani fasinja da ya gaji da tsayuwa ya ciro ƙullin sukari na kamfani mai kilo biyar a rubuce, ya ɗora. Mizani ya ce biyar.

"Sharfu," in ji Inna Mero a hankali. Ita ta yi wa uwarsa wankan jego, ba ta san wani Kaftin ba. "Wanga mizani da ka auna mana kaya, shi ne dai na gyaɗa?"

"Inna, ƙarfe ne. Zafi na sa shi ya motsa."

"Shekara goma sha tara yana motsawa gefe ɗaya?"

Alhaji ya ce ba lokacin falsafa ba ne, jirgi ba ya jira. A nan ya nuna ko shi wane ne. Kilo goma sha takwas suka hau, kuma ya rantse ba zai biya ba. Ya buɗe akwatuna a tsakar fili. Ya saka jallabiya huɗu a kan wadda ke jikinsa, ya ɗora rawani a kan rawani, ya cusa takalma a aljihu. Ya sa Ibtisam ta yafa mayafi uku har ta koma kamar tarin auduga. Ya tsuguna ya cinye ƙwai goma sha ɗaya da dabino mudu guda ba ruwa, don gorarsa wofi ce kamar yadda ilimi ya tanada. Kuɓewar da Inna Mero ta shanya da hannunta don ɗanta da ke Jidda aka bar wa masu shara.

Tsohuwa ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Ibtisam, ara mini wayarki, ki danna mini wurin magana." Ta tsaya daf da Alhaji, inda zai ji sosai, ta kai wayar bakinta, ta aika wa jikarta saƙon murya.

"Khairiyya, ni ce Inna. Mun iso lafiya. Idan an cire gyaɗa, kada buhu ɗaya ya je ƙofar Sharfu. Ki gaya wa mijinki Hamid ya juya dutsen awon nan ya duba gindinsa, a gaban liman. Ki tura wa matan unguwa saƙon nan. Ki ba awaki ruwa."

Alhaji ya so ya yi jawabi, ƙwai ya tsaya masa a wuya. Haka ya hau jirgi yana zufa cikin riga biyar, bai biya ko girish ba, ba kuma wanda ya tambaye shi sirrin.

Da suka dawo, amalanken jakuna na wuce shagonsa da buhuna zuwa Managil, masu su na ɗaga masa hannu da ladabi. Darmar tana aljihun liman. Alhaji ya ce makirci ne na mahassada, ya nemo wata ya liƙa, don mizanin ya koma daidai yadda ya san shi.

Rashin ciniki ya kwantar da shi, aka kai shi wurin likita a Sinnar. Likita ya auna shi, ya ce kilo casa'in da shida, ya rage ƙiba ko ya shirya wasiyya. Kaftin ya dawo gida da la'asar, ya tuɓe takalmi, ya hau mizaninsa. Tamanin. Yanzu a rumfar shago yana karantar da yadda mai hankali ke zubar da kilo goma sha shida a wuni ɗaya, bai sayi magani ba.