Bitar da Na Yi wa Dattawan Kusfa

A shekarar da aka cire tallafin mai, 'yata Rukayya ta ƙirƙiro wasan waya don kammala digirinta. Allah ya ba yarinyar nan basira. Ta sa mini shi a wayata, ta roƙe ni in samo dattawa biyar a unguwarmu ta Kusfa da ba su taɓa wasan ba, don ta ga yadda zamansu na farko zai kasance.

Ni kuwa shekara talatin ina biya karatu, ban taɓa kai ɗalibi gwaji babu bita ba. Kwana uku ina tara dattawan a zaurena ina koya musu wasan, har na rubuta musu matakan da ajami.

Ranar gwaji babu wanda ya yi kuskure. Alhaji Sani baduku, wanda ko saƙo ba ya iya turawa, ya gama nan take. Ina ta murmushi.

Rukayya ta ajiye biro a hankali. "Baba, ruɗewarsu nake nema. Mutum sau ɗaya yake zama sabo."

Sai da na yi sati ina yawo har Ƙofar Gayan kafin na biya ta da wasu biyar. Ranar nasu gwajin, cikin ladabi ta shimfiɗa mini tabarma a waje.

Har yau in na iso majalisa, Alhaji Sani kan ce, "Malam, yaushe ne bita?"