Ranar Da Na Riƙe Sandar Badujala

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini sauran tunani, da yammacin Alhamis ɗin da na ja ayarin 'yan badujala a Riyad.

Ni direba ne. Ina tuƙa bas ɗin wata cibiyar nakasassu da ke Nasiriyya, markaz muke ce mata. Kullum da safe in fito daga ɗakinmu na Manfuha in zagaya in kwaso mutanena, in ɗaure kekunan guragu da bel, in riƙa faɗa wa makafi "matakala uku ce, ta ƙarshen ta fi tsawo", da yamma in mayar da kowa gidansa. Aiki ne da ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A shekarar sai zance ya fara yawo cewa za a rage direbobi, mu biyu za a bar ɗaya. Iƙamata kuwa, takardar zamana a ƙasar, saura mata wata guda, kuma sa hannun mudir Abu Salih, shugaban markaz ɗin, shi kaɗai zai sabunta ta. In bai sa ba, sai jirgi. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a Gusau, ga tsohuwa.

Tsoro ne ya sa na yi wata ƙarya, ba wai ina wanke kaina ba ne. Markaz ɗin yana da ƙungiyar badujala, ganguna da begila, mudir kuma yana ji da ita kamar ransa. Wata rana yana tsaye yana kallon atisaye, na matso kusa da shi, na ce da guntun Larabcina ai ni ma a Najeriya ni nake jan badujalar 'yan agaji. (Gaskiyar magana, wata uku na yi a agaji, kuma aikina ɗaukar jarkar ruwa a bayan layi.) Ya ce "Masha Allah", na koma mota ina jin daɗin na ƙara daraja a idonsa.

Ranar bikin ƙarshen shekara, an gayyato manyan baƙi da iyalai, sai aka wayi gari an kwantar da Ustaz Jibrin, mai riƙe wa 'yan badujalar sanda, a asibiti. Wayata ta yi ƙara. Mudir ne.

"Ya ustaz, yalla, maza, yau ranarka ce."

Mutumin da bai taɓa kirana da komai ba sai "ya sawwag", wato direba. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na tuna iƙama, na ce "Hadir", wato a shirye nake. Abin da kawai na iya tunawa game da shugaban badujalarmu na Gusau shi ne usur ɗin da ke rataye a wuyansa, don haka na tsaya wani kanti a Manfuha na sayi nawa, ja, na roba.

Kafin a fara, Baba Haruna ya sa aka kira ni. Makaho ne, Bakatsine, ya fi shekara talatin a ƙasar, shi ne babban masu begila.

"Zo nan ɗana, ka buɗe kunnenka," in ji shi. "Isuhu mai babbar ganga ba ya ji ko kaɗan. Sandar hannunka kawai yake kallo. Muddin tana hawa tana sauka, ba zai daina bugu ba. Mu kuma makafi gangar Isuhu muke bi, ita kaɗai. Ko ihu, ko tafi, ko fito, ba ruwanmu, don 'yan kallo ba abin da ba sa yi. In kana so mu tsaya, ka juyo, ka riƙe sandar a kwance da hannu biyu, ka ɗaga ta sama da kanka. Ka gane?"

"Na gane, Baba."

Ban gane komai ba. Kunnena yana wurinsa, idona yana kan mudir da ke can yana gaisawa da baƙi, zuciyata kuma tana filin jirgi.

Aka jera. Ni a gaba, sanye da rigar Ustaz Jibrin da ta yi mini yawa. Bayana Isuhu, wani ƙaton mutumin Maraɗi, da gangarsa a ƙirji. Bayansa makafi shida da begila, kowane kafaɗarsa na gogar ta ɗan'uwansa, sai masu ƙananan ganguna a kan kekunansu ana turo su. A ƙarshen filin an shimfiɗa jan kafet, an jera kujerun baƙi, gabansu dogon tebur cike da butocin gahawa da farantan dabino. A gaban teburin nan za mu tsaya.

Na ɗaga sanda na sauke, Isuhu ya buga. Wallahi har cikin haƙarƙarina na ji ta. Begila ta ɗauka, muka taka. Taku ashirin na farko sun tafi lafiya lau, har na fara tunanin ashe abin ba wuya, har da ɗan karkata kai. Ina ɗaga ido na ga tebur ya matso.

Na juyo na fuskance su, ina tafiya da baya, na cusa usur a baki na busa da iya ƙarfina.

Babu wanda ya tsaya.

Na sake busawa. Isuhu yana kallona ido cikin ido, fuskarsa a natse, yana ta narka wa ganga duka. Makafi suna tahowa, ƙafafunsu na sauka tare. Na tofar da usur na kwarma ihu: "Ku tsaya! Waggif! Kalas! Baba, don Allah!" Na ga kunnen Baba Haruna ya motsa, ya ji ni sarai, amma bai rage taku ba, don kuwa haka aka koya musu. Hannuna na dama kuwa, ashe duk wannan lokacin yana ta ɗaga sanda yana saukewa, ni ban ma san yana yi ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na hango mutum shida da suka amince da ni sun afka kan tafasasshiyar gahawa, na hango 'yan sanda, na hango kaina a Gusau ina yi wa tsohuwa bayani. Ina ja da baya ina salati, sai dunduniyata ta harɗe da bakin kafet. Na tafi da baya, ƙeyata ta daki gefen tebur, farantin dabino ya kife mini a ƙirji, na zube warwas a gaban takalman babban baƙo. Ganin Isuhu na shirin bi ta kaina da gangarsa, na ƙanƙame sandar a kwance da hannu biyu na ɗaga ta sama ina kare fuskata.

Dum! Dum!

Suka tsaya cak, su duka, a taku ɗaya. Begila ta ja dogon sautin rufewa ta ɗauke. Sai tafi ya ɓarke. Ina kwance da dabino a wuyan riga, ina jin babban baƙo yana dariya har da tari. A duk 'yan badujalar nan ni kaɗai ne mai ido da kunne da ƙafa lafiyayyu, kuma ni kaɗai na ɓata.

Juma'a da Asabar ban iya cin abinci ba. Har jakata na sauko da ita na kakkaɓe. Ranar Lahadi mudir ya kira ni ofis, na tarar da Baba Haruna da Isuhu a zaune. Ban jira tambaya ba, na ce ban taɓa jan badujala ba, ruwa nake ɗauka.

"Ai mun sani," in ji Baba Haruna. "Tun taku na uku na ji ƙafarka ba ta tare da ganga. Na ce a raina, yau sai abin da Allah ya yi."

Mudir ya ce ya riga ya yanke shawarar sallamata tun daren bikin. Amma waɗannan biyun sun zo masa da saƙon sauran, cewa ba sa son wani direba, don ni kaɗai nake ƙirga musu matakala, ni kaɗai nake duba bel ɗin keke sau biyu. Isuhu ya yi alamar sitiyari da hannu ya ɗaga mini babban yatsa, sannan ya yi alamar sanda ya girgiza kai da ƙarfi. Mudir ya jawo takardar iƙamata ya sa hannu. Kunya da kuka suka taso mini lokaci ɗaya, na rasa wanda zan fara.

Muna fitowa na ce, "Baba, matakala uku ce."

"Na sani, ɗana. A mota dai ka san inda birki yake, ka tsaya a can."

Tun daga ranar, in aka tambaye ni me na iya, cewa nake tuƙi, in yi shiru. Usur ɗin kuma yana rataye a madubin bas, ba don busawa ba. Duk sanda bakina ya fara ƙaiƙayin cika baki sai in ɗaga ido in dube shi.