Wandon shadda da famfon kankare

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka zuba kankaren rufin wani bene a Barnawa, ko da kuwa na so in manta. Ni ne mai sarrafa famfon da ke tura kankare sama ta bututu. Benen kuma na Alhaji ne, mahaifin Zulai, wadda nake nema da aure, shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da na ji zai zo duba aiki, sai na ajiye kayan aiki na zura wandon shadda (surukin gobe ai ba ya zama kamar lebura). Ana cikin zubi bututu ya toshe. Kowa ya san ƙa'ida: a mayar da famfo baya, matsi ya sauka, sannan a buɗe mahaɗar bututun. Ni da nake koya wa wasu wannan, da na ga Alhaji yana kallona, sai na taka da isa na ɓalle mahaɗar kai tsaye.

Fuu! Kankare ya yi tsartuwa ya wanke ni daga ƙugu zuwa ƙafa. Allah ya tsare idona, ƙarfen mahaɗar kuma ya wuce ta gefen kunnena.

Oga Bulus, shugaban aikinmu, ya daka tsawa: "Cire wandon nan yanzu! Siminti yana cin fata!"

"Ba komai, Oga," na ce, ina murmushi. A gaban Alhaji? Gara in mutu.

Ban mutu ba, amma kafin awa guda cinyoyina sun ɗauki raɗaɗi kamar an shafa mini barkono. Na fara taka wata rawa da ba ta da kiɗa. Bulus bai sake neman shawarata ba. Leburori biyu suka riƙe ni, ya tuɓe wandon, sai ga gajeren wandona mai huji biyu a bainar jama'a. Wanda ya fi kusa da tiyon ruwa kuwa Alhaji ne. Shi ya wanke ni tas, yana cewa, "Juya, yaro. Ɗaga ƙafa."

Sati biyu ina tafiya a tale. Na haƙura da Zulai, sai ga saƙon Alhaji: in turo magabatana, wai yaron ba shi da sauran abin ɓoyewa.

Yanzu 'ya'yanmu biyu. Ban sake buɗe bututu da matsi a ciki ba, kuma duk ranar da zan je gaida surukina, sai na duba gajeren wandona tukuna.